Zangon ƙarshe na Everybody Hates Chris a faifai da filash: tambayoyin da kuke ta yi min a shago

Assalamu alaikum jama'a. Ni sana'ata gyaran talabijin da DVD da rediyo ce nan Gusau, wajen Tudun Wada, kuma duk cikin shirye-shiryen Turawa babu wanda ya jawo min tambayoyi kamar wanga, musamman zangonsa na ƙarshe. Wasu su kawo na'ura su ce ta lalace alhali lafiyarta lau, wasu su kawo faifai su ce an cuce su. Shi ya sa na ce bari in tara tambayoyin wuri guda in amsa. Wanda bai kalli ƙarshen ba kuma ba ya son a ɓata masa, ya tsallake amsar baƙin allo da ukun da ke biye da ita.

Wai wane shiri ne, kuma zango nawa gare shi?

Wasan barkwanci ne na iyali daga Amurka. Ɗan wasan barkwancin nan Chris Rock shi da Ali LeRoi sunka ƙirƙiro shi, an gina shi kan ƙuruciyar Chris Rock ɗin a unguwar Bed-Stuy da ke Brooklyn cikin birnin New York, kuma muryar babban mutum da kuke ji tana ba da labari tasa ce. An fara nuna shi ran 22 ga Satumba 2005 a tashar UPN, da tashar ta haɗe da wata a 2006 sai ya koma CW. Zango 4 ne, kowane kashi 22, jimla 88. Labarin kansa yana faruwa ne tsakanin 1982 da 1987, shi ya sa ba ku ganin wayar hannu ko ɗaya a ciki.

Tyler James Williams shi ne Chris, Terry Crews shi ne uban wato Julius, Tichina Arnold ita ce uwar Rochelle, sai ƙannen Chris wato Drew da Tonya da abokinsa Greg.

Ya zan gane wanda anka sayar min shi ne na ƙarshe, kuma cikakke ne?

Kada ka yarda da hoton bayan kwali, masu kwafi suna liƙa hoton zango na 1 kan na 4 ba ruwansu. Sa shi a na'ura tun kana gaban mai shago. Kashin farko sunansa ya ƙare da Tattaglia, wato sunan sabuwar makarantar da Chris ya shiga, na ƙarshe kuma ya ƙare da G.E.D. In ka ga Chris har yanzu yana makarantar Corleone to na baya ne anka ba ka. Wata alamar kuma yaron ya yi tsawo sosai murya ta buɗe, don an haifi Tyler a 1992, lokacin ɗaukar wanga zango ya kusa 16.

Sai ka ƙirga, 22 za ka samu, kowane minti 21 zuwa 22, gaba ɗaya wajen awa 8. Abin da na fi gani shi ne a ba mutum 20 ko 21, ko a maimaita kashi ɗaya sau biyu don lissafi ya cika, don haka ka ɗan taɓa kowane ka ga farkonsa ya bambanta. An nuna wanga zango daga Oktoba 2008 zuwa 8 ga Mayu 2009, faifansa na asali kuma a 2009 ɗin ya fito.

Mi ya bambanta shi da zangunan baya, sai na kalli na farko kafin in gane?

Za ka iya fara shi kai tsaye, kowane kashi labarinsa daban, amma daɗin ba zai kai ba. Chris ya shiga babbar sakandare yana murna ya rabu da wahala, sai ya tarar da Caruso mai cin zalinsa yana nan, malamarsa ta da Miss Morello ma ta biyo shi ta zama shugabar makaranta, ga sabon malamin aji Mista Thurman da bai ɗaga masa ƙafa. Greg da farko wata makaranta ya tafi, daga baya ya dawo sunka haɗu. A gida kuwa komai na nan yadda yake, Julius da aikinsa biyu yana lissafin kuɗin duk abin da anka zubar, Rochelle da faɗa, Mista Omar mai harkar jana'iza yana haya a sama, Chris na aiki a kantin Doc.

Ni a ganina dariyar wanga zango ba ta kai ta na 1 da na 2 ba, amma ya fi su nauyi, don yaron ya girma, tambayar ta tashi daga ya zan tsira yau a makaranta ta koma mi zan zama. Kuma in ba ka ga yadda iyayen sunka sha wahala tun farko don ya yi karatu a makarantar nesa ba, yana hawan bas bayan bas kullum da sassafe, ba za ka ji zafin abin da ya faru a kashin ƙarshe ba.

Ana cikin kashin ƙarshe sai allo ya yi baƙi wuluk, faifan ne ko na'urata ce?

Ba ko ɗaya. Haka anka yi shi. Wagga ita ce tambayar da ta sa na zauna rubutun nan.

Akwai wani dattijo, tsohon malamin firamare daga wajen Samaru, ya zo min da DVD ɗinsa a ɗaure bayan mashin cikin zanin atamfa, ya ce ɗana duba min wanga abu, sau uku ina canza faifai wurin yaron da ke saidawa har mun yi ka-ce-na-ce, kuma duk a wuri ɗaya yake mutuwa. Na ce to Baba zauna mu gani. Na buɗe na goge idon na'urar na sa wani faifai, tas yake karantawa. Sai na sa nasa na kai shi ƙarshe, iyalin suna zaune gidan abinci, Chris ya riga kowa zuwa, sauran suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, Julius ne na ƙarshe ya shigo da ambulan ɗin sakamakon jarrabawar G.E.D. da Chris ya zauna, Chris ya tambaya mi ke ciki, ɗif. Baba ya buga cinya ya ce ka gani ko! Na ce Baba ɗan dakata kada ka taɓa rimot. Can sai ga sunayen 'yan wasa suna fitowa. Ya yi shiru ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce ashe yaron can gaskiya gare shi, bari in biya in ba shi haƙuri. Ban karɓi ko sisi ba ran nan.

To yadda za ka bambance ke nan, in allo ya yi baƙi amma lambobin gaban na'ura suna ci gaba da tafiya sannan sunaye sunka biyo baya, lafiya lau ne. In lambobin sunka tsaya cak ko hoto ya farfashe kamar bulo-bulo, wannan matsala ce, ka duba amsar faifai mai sarƙewa a ƙasa. Su masu shirin kwaikwayon ƙarshen wani shahararren shiri ne sunka yi, The Sopranos, wanda ya ƙare a 2007 da irin wanga yankewa a gidan abinci. Mutanen can sun san wancan sai sunka gane wasan, mu da mafi yawanmu ba mu kalle shi ba sai munka ɗauka lalacewa ce.

To ya ci jarrabawar ko bai ci ba? Akwai zango na 5?

Cikin wanga zango ba a faɗa ba. Kuma babu zango na 5, duk wanda ya ce zai tura maka shi tsoffin kashi ne ya canza wa suna, kada ka ba da kuɗinka. Abin da ke akwai shi ne na zane, wato katun, mai suna Everybody Still Hates Chris da ya fito a 2024 a tashar Comedy Central, Chris Rock na ba da labari, Terry Crews da Tichina Arnold sun dawo da muryoyinsu, ya kuma ɗauko daga inda wancan ya tsaya. Shiri ne daban, ba ya cikin faifan 2009.

A rayuwa ta zahiri dai Chris Rock ya bar makaranta, daga baya ya samu takardar GED ɗin.

Mece ce GED ɗin ma?

Jarrabawa ce da wanda bai gama sakandare ba a Amurka yake zaunawa, in ya ci a ba shi takarda da ake ɗauka daidai da ta gama sakandare. Mafi kusa da ita wurinmu ita ce WAEC ko NECO ta 'yan waje da ake yi ƙarshen shekara. A labarin yawan makara ne ya ja anka ce Chris sai ya maimaita aji 10, kamar SS1 ke nan a lissafinmu, shi kuma ya ce ya gama da makaranta gara ya zauna wagga jarrabawa.

Mi ya sa sunka tsaida shi alhali mutane na so?

Labarin ya iso inda ƙuruciyar mai labarin ta ƙare. Labarin shirin ya tsaya a 1987, Chris ya bar makaranta, abin da ya biyo baya a rayuwar Chris Rock shi ne shiga harkar barkwanci, sannan mahaifinsa, wanda shi ma Julius ne sunansa, ya rasu a 1988. Tun da na san haka kallon da nake yi wa kashin ƙarshe ya canza. Ka ga uban ya shigo a gajiye da kayan aiki ya zauna cikin iyalinsa, kowa na nan ba wanda ya ɓace, sai anka kashe fitila a nan. Ni ban ga inda ya fi nan dacewa a tsaya ba, ko da kuwa mutane sun ji haushin rashin jin sakamako.

Na rasa mahaifina ina da shekara 19, shi ma irin Julius ne, mutum ne da zai bi ɗaki-ɗaki da dare yana rage lagwanin fitila don kananzir, ya tsinci ƙwayar gero a tsakar gida ya maida buhu. Lokacin muna ganin tsanani ne. Sai da na fara auno hatsi da kuɗina na gane. Shi ya sa in ana dariyar Julius a gidana ni ma ina yi, amma wani lokaci sai in tashi in fita waje in ɗan tsaya.

Na sayi faifai ɗaya mai zango 4 duka amma hoto dishi-dishi, mi ya jawo?

Lissafi ne kawai. Faifan DVD na yau da kullum 4.7GB yake ɗauka, mai hawa biyu 8.5GB. In ana son hoto mai kyau, 4.7GB wajen awa 2 yake ci. Zangon ƙarshe kaɗai awa 8 ne, duka huɗun sun haura awa 30, to ka ga wanda ya cusa awa 30 inda anka tanada don awa 2 dole ya matse hoton har fuska ta koma kamar an shafa mata toka, murya kuma ta riga baki ko baki ya riga murya. Shi ya sa na asali yake zuwa faifai da yawa cikin kwali ɗaya. Ba gyaran da zan iya yi wa wanga, ba laifin talabijin ɗinka ba ne, kuma in babbar plasma ce abin ya fi muni don tana buɗe aibin. A ƙaramar talabijin ta da mai ƙeya ya fi kyan gani.

Kuma mu faɗi gaskiya, irin waɗanga faifai kwafi ne ba da izinin masu shi ba, dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta hana, kuma irin abin da ya karya 'yan kasuwar finafinan Hausa na faifai ke nan. Wanda Allah ya hore wa ya nemi na asali.

Ɗan'uwana ya aiko min na asali daga waje amma ya ƙi yi, ko ya fito baƙi da fari

Abu biyu ne, kada a haɗa su. Na farko lambar yanki. Kamfanoni sun raba duniya, Amurka da Kanada yanki na 1, Turai da Gabas ta Tsakiya da Afirka ta Kudu na 2, mu Najeriya da yawancin Afirka na 5. Duba bayan kwali za ka ga ɗan hoton duniya da lamba a ciki. In na'urarka a kulle take sai ta rubuta maka cewa yankin bai dace ba. Sa'ar da munka yi ita ce yawancin ƙananan DVD 'yan China da ke kasuwarmu a buɗe suke suna cin kowane, manyan masu suna da anka shigo da su na hannu daga Turai su ne masu taurin kai. Kwamfuta kuma tana barin ka canza yanki sau 5 ne kawai daga nan ta kulle kan na ƙarshe, don haka kada yara su yi ta wasa da wurin.

Na biyu tsarin launi. Amurka NTSC, mu PAL. In hoto ya fito ba kala ko yana birgima sama, shiga saitin na'urar ka nemi wurin tsarin talabijin ka maida shi PAL ko AUTO. Kafin ma ka yi haka duba wayar nan mai kai uku, ruwan ɗorawa ita ce ta hoto, ja da fara na sauti, sau da yawa ana soka ruwan ɗorawar a ramin kore sai kala ta ɓace. Rabin masu kawo min wagga matsala a nan take ƙarewa.

A filash ko mamori anka tura min, waya na buɗewa amma DVD da talabijin sun ƙi

Tsoffin na'urori ba kowane irin fayil suke karantawa ba. Sun fi son AVI, wasu MP4, amma MKV da sabon matsin nan HEVC sai waya da sabbin talabijin. Sannan filash ɗin ya kasance an yi masa fomat a FAT32, shi kuma FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce 4GB, don haka kowane kashi ya zauna daban. A sa musu lamba 01, 02 har 22, in anka rubuta 1, 2, 3 kawai na'ura za ta jera 1 sai 10 sai 11, ka tsinci kanka a tsakiyar labari. Yadda ake tabbatar da cikarsu na bayyana a sama wurin ƙirga 22.

Faifan yana sarƙewa ko yana tsalle, akwai dabara?

Juya shi ka duba a haske. In ƙura ce ko shatin yatsa, samu ƙyalle mai laushi ka goge daga ramin tsakiya zuwa baki a miƙe, kada ka bi shi zagaye, don karce mai bin zagaye shi ke kashe faifai. In maiƙo ne ɗan ruwa da sabulu kaɗan, a bari ya bushe sarai. Ban da fetur, ban da kananzir, ban da goga shi a riga. In kowane faifai ka sa yana yi, to idon na'urar ne ya sha ƙurar hunturu, kawo a goge, kada ka sa tsinke da auduga kana dannawa don idon a kan 'yan siraran wayoyi yake rataye.

Zafin Maris da Afrilu na garin nan kuma yana lanƙwasa faifai, kada a bar shi a mota ko kan talabijin ko jikin taga, in ya lanƙwashe ya tafi ke nan. Masu ƙaramin janareto ku bari ya daidaita kafin ku kunna na'ura, wutar farkon nan ita ke ƙona fawa, wato ɓangaren wutar na'ura, kullum.

Ya dace a kalla da yara da iyaye a ɗaki ɗaya?

Wata Hajiya ta taɓa tambayata haka, na ce Hajiya ki fara kallo ke kaɗai tukuna. Shiri ne na iyali amma iyalin Amurka, kuma a wanga zango yaran sun zama samari, akwai zancen 'yan mata da zuwa fati da sumba jefi-jefi, da kalmomin da ba za ka so ɗanka ya ɗauka ba, barkwancin Mista Omar da matan mamata ma ba na yara ba ne. Ni a gidana 'yan ƙasa da 12 ba su kallon wanga zango, manyan kuma da rimot a hannuna muke kallo. Yadda Rochelle ke ɗaga wa mijinta murya ma ba tarbiyyarmu ba ce, na kan faɗa wa ɗiyana mata haka, amma ina nuna musu ɗaya gefen, matar nan ba ta yarda ɗanta ya lalace a titi ba ko da za ta yi faɗa da unguwa duka.

Akwai kuma wariyar launin fata, wadda ita ce ƙashin bayan labarin. Yara za su tambaya mi ya sa ake yi wa Chris haka a makaranta, ku amsa musu, kada ku ce wasa ne kawai.

Turancin ya yi min sauri

Turancin baƙaƙen Amurka ne na unguwa, ko wanda ya yi jami'a sai ya kasa kunne. Kunna rubutun ƙasa in faifan na da shi, amma na kwafi sau da yawa rubutun shirme ne ba ya tafiya da maganar, gara a kashe. A waya manhajar kallo ta VLC na barin ka rage gudun magana kaɗan. In akwai ɗan sakandare a gida a zaunar da shi yana fassarawa, a gidana babban ɗana ke yi wa uwarsa, har ya iya kwaikwayon muryar Julius da Hausa yana lissafin kuɗin tuwon da anka bari a kwano.

Zamanin data wa ke ta faifai kuma?

Duk wanda ke Zamfara a Satumbar 2021 ya san amsar wagga. Da anka rufe layukan waya saboda matsalar tsaro, ba kira ba intanet, mutane sunka shiga ƙarƙashin gado suna zaro tsoffin DVD, a 'yan makonnin nan na gyara na'urori fiye da yadda na saba gyarawa a wata da watanni, har bel ɗin tire ya ƙare min ina yanka robar tayar keke ina sawa. Da magariba ba mai fita, gida ya cika, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida a ɗora talabijin kan turmi. A lokacin ne munka kalli wanga zango daga farko har ƙarshe, kashi biyu kowane dare gwargwadon man inji, dare 11. Daren ƙarshe da allon ya yi baƙi ƙaramar ɗiyata da ta laɓe bayan uwarta tana leƙe ta ce Baba mai ya ƙare, alhali ga inji na ta ruri a bayan ɗaki.

Nawa faifan yana nan cikin kwalinsa a ledar da nake ajiye takardun gida. In naka ya fara nuna alamar tsufa, wato gefensa ya soma canza launi ko ya fara tsalle a wuri ɗaya ko bayan an goge, kada ka jira, ka nemi wani tun ana samu, don masu kawo faifai garin nan sun ragu sosai, layin da da ke cike da su a kasuwa yanzu caja da murfin waya ake saidawa.